Yadda dayod ke miƙar da wutar AC ta koma DC

Ka ɗauki tiransifomar da aka rubuta wa bolt 12 a jikinta, ka haɗa mata dayod huɗu (ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) da kondensa guda (mai tara wuta), sannan ka ɗora mita a bakin fita. Ba 12 za ka gani ba. Za ka ga 16, wani lokacin har 17 da ɗoriya. A nan ne mai koyo yakan ɗaga mitar ya girgiza ta, ya ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Lissafin ne bai yi ba tukuna, kuma lissafin nan shi ne mafi yawan aikin, don haɗa wayoyin kowa zai iya cikin minti goma.

Abin da za mu gina ƙaramar na'urar ba da wuta ce. Tana shan AC daga soket, tana fitar da DC bolt 12 tsayayye, har zuwa rabin amfiya. Na zaɓe ta ne saboda kusan duk abin da ake buƙatar sani game da dayod yana fitowa a cikinta, har da kurakuran da aka fi tafkawa.

Abin da ake son gyarawa

Wutar batir, wato DC, hanya ɗaya take bi, daga fositif zuwa negatif, yau da gobe. Wutar soket kuwa, wato AC, kai-da-komo take yi. Ta tura gaba har ta kai ƙololuwa, ta sauko sifili, ta juya ta tura baya, ta sake dawowa sifili. A yawancin ƙasashen duniya zagaye 50 take yi a daƙiƙa ɗaya, a Amurka da Kanada kuwa 60. A tsarin 50 kowane zagaye yana cin milisakan 20: goma gaba, goma baya. Da wannan za mu yi lissafi. Mai tsarin 60 sai ya sauya lambar.

Dutsen guga da hita ba ruwansu da inda wuta ta dosa, zafi dai zafi ne. Amma tiransisto, da duk wani abu mai ƙwaƙwalwar lantarki, da batirin da ake son cajawa, ba sa ɗaukar wutar da ke juyawa sau ɗari a daƙiƙa.

Ga abu na farko da za ka riƙe. Lambar da ake rubuta wa AC, 230 ce ko 12, ba ita ce ƙololuwar wutar ba. Ma'auni ne na aikinta, wato adadin DC ɗin da zai ba da zafi daidai da nata. Ƙololuwar ta fi haka da ninki 1.414. Wutar soket mai bolt 230 tana taɓa 325 a ƙololuwarta. Tiransifoma mai 12 tana taɓa 17. Mai 15 tana taɓa 21.2. Amsar mitar da aka zarga da lalacewa ke nan.

Abin da ke cikin dayod

Idan ka fasa baƙar robar dayod, za ka tarar da ɗan ƙwayar silikon da bai kai ƙwayar yashi mai kauri ba, a matse tsakanin ƙafafu biyu. Silikon zalla ba ya kai wuta sosai, kuma ba ya tare ta ɗungurungum. Kowace ƙwayar zarrarsa tana da ilektiron huɗu a zagayen waje, kuma duka huɗun suna riƙe da na maƙwabta, babu mai sakewa ya yi yawo.

Sai a gurɓata shi da gangan. A gefe ɗaya a sa ɗan fosfaras, wanda ke da ilektiron biyar. Huɗu su kama maƙwabta, na biyar ya rasa abokin riƙo ya zama ɗan yawo. Wannan gefen ake kira N. A ɗaya gefen a sa boron, mai ilektiron uku kacal, sai a bar gurbi ɗaya babu kowa. Wannan shi ne P. Gurbin ma yana tafiya: ilektiron na kusa ya faɗa ciki, ya bar nasa gurbin a baya, kamar layin mutane da kujera ɗaya ta rage babu kowa, kowa ya matsa sai kujerar ta koma baya.

A inda N da P suka haɗu, ilektiron na bakin iyaka suna tsallakawa su cike guraben da ke kusa. Hakan yana barin wani siririn fili a tsakiya da babu ɗan yawo ko ɗaya, kuma filin yana ɗauke da caji da ke hana sauran tsallakowa. Shinge ke nan, ya gina kansa da kansa.

Yanzu ka sa fositif a gefen P, negatif a gefen N. Wutar tana tura ilektiron da gurabe zuwa iyakar, filin ya tsuke, da an kai wajen bolt 0.6 zuwa 0.7 sai shingen ya ba da hanya, wuta ta wuce. Ka juya wayoyin. Yanzu ana janye ilektiron da gurabe nesa da iyakar, filin ya ƙara faɗi, babu abin da ke wucewa sai ɗan yoyo na 'yan maikro'amfiya da ba ya kunna komai. Kamar bawul ɗin taya ne: iska ta shiga, ba ta fita.

Abubuwa biyu suka fito daga nan da za su bi mu har ƙarshe. Dayod yana karɓar haraji: duk wutar da ta ratsa shi sai ta bar kimanin bolt 0.7, kuma idan ana jan amfiya da yawa harajin yakan kusanci bolt 1, ya koma zafi. Na biyu, tarewar tana da iyaka. Idan bolt ɗin da ke tura shi ta baya ya wuce ƙarfinsa, shingen yana fashewa. Dayod 1N4001 bolt 50 yake jurewa ta baya, 1N4007 kuwa 1000, alhali dukansu amfiya 1 suke ɗauka kuma kamarsu ɗaya. Ni ban ga dalilin ajiye ƙananan ba. 1N4007 yana yin aikin dukkan 'yan gidansu.

Abin ya daɗe. Tun 1874 Bajamushe Ferdinand Braun ya lura wasu duwatsun ma'adinai suna barin wuta ta bi gefe ɗaya fiye da ɗayan, ba tare da an san dalili ba. Sai a 1940 Russell Ohl, a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka, ya ci karo da iyakar P da N a cikin wani guntun silikon mai tsaga.

Mataki na farko: tara kaya, ka gwada kowane dayod

Kana buƙatar tiransifoma mai fitar da bolt 15, amfiya 1. E, 15 na ce, ba 12 ba, za ka ga dalili in mun zo lissafi. Sai dayod 1N4007 guda huɗu, kondensa mai maikrofarad 2200 da ke jure bolt 35, rezista mai om 2200 ta rabin wat, regileta 7812 mai tsayar da wutar fita a bolt 12, da faifan alminiyom ɗin da ke shanye mata zafi, ƙananan kondensa biyu, ɗaya maikrofarad 0.33 ɗaya 0.1, da fis a gefen soket. Sai mita, da dalma da ƙarfen liƙa ta.

Ka dubi dayod da kyau. A ƙarshensa ɗaya akwai zobe mai ruwan azurfa. Ƙafar da ke wajen zoben ita ce katod, gefen N. Ɗayar ita ce anod, gefen P. Wuta tana shiga ta ƙafar da babu zobe, ta fita ta mai zobe. (Ilektiron ɗin kansu akasin haka suke bi, amma masu zane sun riga sun saba da ƙirga tafiyar wuta daga fositif, kuma kibiyar da ke alamar dayod haka take nunawa.)

Juya mitarka zuwa alamar dayod. Jar waya a ƙafar da babu zobe, baƙa a mai zobe: ya kamata ka ga tsakanin 0.5 da 0.7. Juya wayoyin: mitar ta nuna OL, ko lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu, alamar hanya a rufe take. Idan ta nuna kusan sifili ta kowane ɓangare, dayod ɗin ya narke ya haɗe. Idan OL ta kowane ɓangare, ya yanke. Sabo ne ko tsoho, ka gwada shi. Daƙiƙa biyar ne.

Maganar gefen soket kuwa ba ta wasa ba ce. Wayoyin da ke shiga tiransifoma suna ɗauke da wutar da ke kashe mutum. A saka fis a wayar mai rai, a rufe kowace mahaɗa da roba ta yadda yatsa ba zai iya kai wa ba, kuma duk lokacin da za ka taɓa wani abu ka zare filogi, kada ka dogara da makunni. Duk gwajin da za mu yi a gefen bolt 15 ne, wanda tiransifoma ta raba da wutar soket. Kada mai koyo ya haɗa dayod kai tsaye da soket.

Mataki na biyu: dayod ɗaya tak

Kafin gada, wato haɗin dayod huɗun, ka gwada dayod ɗaya, don idonka ya ga abin da yake yi. Ƙafar da babu zobe a wayar tiransifoma ɗaya, ƙafa mai zobe a rezista, ɗayan ƙarshen rezistar a wayar tiransifoma ta biyu. Kunna, ka auna DC a kan rezistar.

Za ka ga wajen bolt 6 da rabi, ko ɗan sama da haka tunda tiransifomar ba ta ɗauke da kaya, wato abin da ke jan wuta sosai. A milisakan goman da wuta ke tura gaba, dayod ya buɗe, tudu guda ya wuce. A goman da take tura baya, ya rufe, shiru. Tudu, fili, tudu, fili, sau 50 a daƙiƙa. Mitar tana nuna maka matsakaicin tudun da filin ne, wanda yake kusan kashi 32 cikin ɗari na ƙololuwa.

DC ce, tunda ba ta taɓa juyawa. Amma an zubar da rabin lokacin, kuma tunda gefe ɗaya kullum ake jan wuta, ƙarfen cikin tiransifoma yana karkata ga maganaɗisun gefe guda, ya yi ta zafi da ƙugi idan kayan sun yi nauyi. Don ƙaramin aiki ya wadatar. Don namu bai isa ba.

Mataki na uku: gada

Dabarar ita ce kada a jefar da rabin da ke komawa baya, a juyo shi ya fuskanci gaba. Dayod huɗu ke yin wannan. Karol Pollak, ɗan ƙasar Folan, ya yi rajistar tsarin a 1895, Leo Graetz a Jamus ya wallafa irinsa a 1897, shi ya sa wasu littattafai ke kiran gadar da sunan Graetz.

Zanen lu'u-lu'un da ake yi a littafi yakan rikita mai koyo. Ga yadda nake haɗa ta a hannu. Ɗauki dayod biyu ka murɗe ƙafafunsu masu zobe wuri ɗaya: wannan mahaɗar ita ce fositif. Ɗauki sauran biyun ka murɗe ƙafafunsu marasa zobe wuri ɗaya: wannan ita ce negatif. Yanzu biyun farko suna da ƙafafu marasa zobe guda biyu a sake, biyun baya suna da masu zobe guda biyu a sake. Haɗa mai zobe ɗaya da marar zobe ɗaya, ka sake yin haka da sauran biyun. Waɗannan mahaɗu biyu, inda zobe ya gamu da marar zobe, nan wayoyin tiransifoma za su shiga, kuma ba komai wace ta shiga ina.

Bi wutar da yatsa, ka kira wayoyin tiransifoma A da B. Lokacin da A ke fositif, wuta ta fito daga A ta tarar da dayod biyu. Ɗaya ya juyo mata zobe, ba hanya. Ɗayan ya ba ta ƙafa marar zobe, ta ratsa shi ta fito a mahaɗar fositif, ta bi ta cikin rezista, ta iso mahaɗar negatif, ta ratsa dayod ɗin da ke kai ta B, ta koma gida. Bayan milisakan goma B ta zama fositif. Biyun da suka yi aiki su rufe, biyun da suka huta su buɗe, amma wutar dai a mahaɗar fositif take fitowa, kuma ta saman rezistar take shiga kamar ɗazu. Rezistar ba ta ma san an juya ba.

Sa rezistar tsakanin fositif da negatif, ka auna. Wajen bolt 12 ko 13 za ka gani. Tuddai ne yanzu a jere, 100 a daƙiƙa, babu fili tsakaninsu, matsakaicinsu kusan kashi 64 cikin ɗari na ƙololuwa. Kada 12 ɗin nan ta ruɗe ka ka ce aiki ya ƙare. Wutar tana faɗuwa har sifili sau ɗari a kowace daƙiƙa. Ka ba rediyo ita, ƙugi kawai za ka ji.

Lura kuma cewa kowane lokaci dayod biyu wutar ke ratsawa, don haka harajin ya zama bolt 1.4. Ƙololuwarmu ta sauko daga 21.2 zuwa 19.8.

Akwai wata hanyar mai dayod biyu kacal, idan tiransifomar tana da waya ta uku a tsakiya, irin wadda ake rubuta wa 15-0-15. Wayar tsakiya ta zama negatif, kowace ta gefe ta bi ta dayod ɗinta, a haɗa zobunan biyu su zama fositif. Haraji ɗaya ake biya, amma kowane dayod sai ya jure ninki biyu na ƙololuwa ta baya. Ana kuma sayar da gada a dunƙule, ƙafa huɗu, an buga + da − da alamar ~ guda biyu a jikinta. Cikinta dai waɗannan huɗun ne.

Mataki na huɗu: kondensa, da lissafin da ake tsallakewa

Kondensa tanki ce. Idan tudu ya taso ta cika har ƙololuwa, idan ya sauka ta ci gaba da ba kaya wuta daga abin da ta tara, har tudu na gaba ya zo ya sake cika ta.

Zare filogi, ka haɗa ta tsakanin fositif da negatif, ka bar rezistar a wurinta. Tana da gefe. Farin layin da ke jikinta mai alamar − shi ne negatif, kuma a sabuwa doguwar ƙafa ce fositif. Na taɓa juya wata ina sauri. Ba ta yi komai ba na 'yan daƙiƙu, sai na ji tana tsuwa, kan ta ya kumbura, kafin hannuna ya kai ga filogi ta fashe da ƙara, ta watsa wani abu kamar jiƙaƙƙiyar takarda a kan tebur, ɗakin ya cika da wari mai hawa kai. Tsagar da ake yi a saman gwangwaninta don irin wannan ranar ce, ta buɗe ta nan maimakon ta tarwatse. Tun daga ranar sau biyu nake duba layin, kuma ba na sunkuyar da fuska a kan allo lokacin kunnawar farko.

Kunna ka auna. Mitar za ta haura wajen bolt 20, mai yiwuwa 22 ko 23, domin ƙananan tiransifomomi suna ba da fiye da abin da aka rubuta musu idan ba a ɗora musu kaya ba. Ka ƙara da cewa wutar soket kanta takan hau da kashi goma cikin ɗari, sai ka ga kondensa mai jure bolt 25 tana bakin rami. Dalilin 35 ke nan.

Da an fara jan wuta, tankin yana raguwa tsakanin tudu da tudu. Wannan hawa da saukar ita nake kira rawar wuta, kuma ana ƙiyasta ta cikin sauƙi: amfiyar da ake ja, a raba da yawan tuddai a daƙiƙa, a sake rabawa da girman kondensa a farad. Namu: 0.5 a raba da 100, a raba da 0.0022 (maikrofarad 2200 ke nan a farad), ya ba da kusan bolt 2.3. Wato wutar tana hawa 19.8, tana sauka 17.5. Da dayod ɗaya muka yi amfani, tuddai 50 ne, rawar ta ninka ta zama 4.5.

Lambar ƙasan nan, 17.5, ita ce abin dubawa, kuma ita ce mita ba ta nuna maka. Regileta 7812 tana buƙatar abin da ke shigar ta ya fi abin da take fitarwa da kimanin bolt 2 a kowane lokaci, wato kada ya taɓa sauka ƙasa da 14, ko da na milisakan ɗaya ne.

Yanzu mu gwada da tiransifoma mai 12, wadda hankali ke fara kai wa. Ƙololuwa 17, cire 1.4, saura 15.6. Cire rawa 2.3, saura 13.3. Ta gaza. Mita za ta nuna maka 14 da wani abu a kan kondensar, ka ce lafiya, alhali sau ɗari a daƙiƙa regiletar tana nutsewa, ƙugi yana fita a lasifika. Sai ka ce bari in ƙara kondensa zuwa 4700. Rawa ta koma kusan 1.1, ƙasan ya zama 14.5, an tsallake da ƙyar. Ranar da wutar soket ta ragu da kashi goma, ƙololuwa ta koma 15.3, cire 1.4, cire 1.1, saura 12.8. An koma gidan jiya. Mai bolt 15 kuwa, ko a irin wannan ranar, 19.1 cire 1.4 cire 2.3 ya bar 15.4, da sauran sarari.

Wani zai ce to a zuba kondensa mai girman gaske mana, rawa ta mutu gaba ɗaya. Akwai kuɗin da ake biya. Da kondensa a wurin, dayod ba ya buɗewa sai wutar tiransifoma ta haura abin da ke cikin tankin, wato ɗan lokaci kaɗan a kusa da ƙololuwa. Duk abin da kaya suka sha cikin milisakan goma, a cikin milisakan biyu ko uku ake mayar da shi. Don haka wutar tana ratsa dayod ne a dunƙule, ninki da yawa na rabin amfiyar da kake ja. Girman kondensa yana ƙara gajarta lokacin, ya ƙara tsawon dunƙulen, dayod da tiransifoma su ƙara zafi. Shi ya sa na ce tiransifoma mai amfiya 1 don DC rabin amfiya: a irin wannan haɗin, abin da take ɗauka yakan kai ninki 1.6 zuwa 1.8 na abin da ke fita. A lokacin kunnawa kuma, kondensar da babu komai cikinta tana zuƙar wuta kamar an haɗe wayoyi. 1N4007 yana jure bugu ɗaya na amfiya 30 na rabin zagaye, wanda ya ishe mu a nan, amma ba zai ishi kowace kondensa ba.

Rezistar da muka bari tana da aikinta. Idan aka kashe wuta, ita ke zuƙe abin da ya rage a kondensa, cikin kusan rabin minti. Ba don ita ba, cajin zai zauna yana jiran ƙarfen liƙa dalma ko sukudireba.

Mataki na biyar: regileta

Riƙe 7812 rubutunta na kallonka, ƙafafu a ƙasa. Ta hagu shiga, ta tsakiya negatif, ta dama fita. Ƙaramar kondensa 0.33 tsakanin shiga da negatif, 0.1 tsakanin fita da negatif, dukansu dab da ƙafafun. Kada ka ɗauki wannan jerin ka kai wa regileta 7912, jerin ƙafafunta daban ne.

Rarar bolt ɗin zafi take komawa. Matsakaicin abin da ke shiga wajen 18.7 ne, cire 12, saura 6.7, sau rabin amfiya: wat 3 da ɗan ɗori. Ba tare da faifan alminiyom ba, cikin ɗan lokaci za ta yi zafin da za ta kashe kanta, ta huce, ta dawo, ta sake kashewa, kai kuma kana neman waya mai kwance. Ɗaure ta da faifan tun farko.

A kunnawar farko ta cikakken haɗi, masu gyara suna da wata dabara mai kyau: a saka kwan fitila mai zare, na wat 40 ko 60, a jere da wayar da ke shiga tiransifoma. Idan komai daidai ne, kwan zai ɗan yi ja ya dushe. Idan ya kama da haske ya tsaya, akwai inda wayoyi suka haɗe, kuma kwan ya tare wutar kafin wani abu ya ƙone. Bayan nan ka auna fita babu kaya, ka sake aunawa da kaya. Rezista mai om 24 da ke jure wat 10 tana jan rabin amfiya daidai. Lambar ta tsaya kusa da 12 a duka biyun.

Idan ta ƙi

Fis yana ƙonewa nan take, ko tiransifoma tana zafi babu kaya: dayod ɗaya ya haɗe, ko an saka shi a juye. Cire ƙafa ɗaya ta kowane dayod daga allo kafin ka gwada shi, don a cikin haɗi mita takan bi ta wata hanyar ta yi maka ƙarya.

Wanda ya fi wahalar kamawa shi ne dayod ɗin da ya yanke, ko dalmar ƙafarsa ta saki. Babu abin da ke ƙonewa. Gadar ta koma aikin dayod ɗaya, babu kaya mita ta nuna bolt 20 cif, da an ɗora kaya wuta ta faɗi, rawa ta ninka. Kunnen da ya saba yana ganewa: ƙugin gada mai lafiya da kondensarta ta gaji 100 ne a daƙiƙa, na gadar da ta rasa ƙafa 50 ne, ya fi kauri. Kondensar da ta tsufa kuwa ruwan cikinta ke bushewa, musamman idan tana jingine da abu mai zafi, wani lokacin kan ta ya kumbura, wani lokacin ba alamar komai. Ka jona sabuwa a kanta na ɗan lokaci. In ƙugin ya ɗauke, ka sami mai laifi. Ana iya auna rawar da mita a kan AC, sai dai wasu mitoci masu araha ba sa ware DC ɗin, sai su nuna maka wata lamba mai ban tsoro da ba ta da ma'ana.

Inda 1N4007 ba ya shiga

Cajar waya da ta kwamfuta ba su da babbar tiransifoma a gaba. Gadar tana shan wutar soket kai tsaye, kondensar ta cika da kusan bolt 325 a tsarin 230, sannan tiransisto ya yayyanka wannan DC ɗin sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, ya tura ta cikin 'yar ƙaramar tiransifoma, a sake miƙar da ita a gefen fita. Kondensar nan ta farko tana iya riƙe caji bayan an zare filogi, don haka ba a sa mata hannu sai an auna. Janareton cajin mota ma dayod ne ke miƙar da wutarsa, guda shida, saboda layi uku yake fitarwa.

A gefen fitar caja ne ake yawan kuskure wajen canza dayod. Dayod ba ya rufewa nan take idan wuta ta juya, sai ya kwashe cajin da ya taru a iyakar P da N tukuna. A 1N4007 wannan yana cin 'yan maikrosakan. A zagaye 50 ba a ma lura. A zagaye dubu sittin ko dubu ɗari kuwa, zagayen gaba ɗaya bai wuce maikrosakan goma zuwa sha bakwai ba, sai ya zama dayod ɗin yana ɓata wani babban kaso na lokacinsa a buɗe ta baya, ya yi zafi ya mutu, wani lokacin ya tafi da tiransiston. Wurin na masu saurin rufewa ne, irin UF4007 da ke rufewa cikin nanosakan 75, ko dayod ɗin Schottky, wanda aka yi da haɗin ƙarfe da silikon, harajinsa kuma wajen bolt 0.3 zuwa 0.5. A cajar bolt 5 wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Sai dai Schottky ba ya jure bolt mai yawa ta baya: 1N5819 a 40 ya tsaya. A mita za ka gan shi yana nuna 0.15 zuwa 0.3, kada ka ɗauka ya haɗe ka jefar da shi. Juya wayoyin tukuna, in ya nuna OL lafiyarsa lau.